Shekara biyu ina ɗaukar hoton biki ban motsa ba: babbar kyamara zan saya ko sutudiyo zan buɗe?

Wani matashi daga Zariya ya rubuto cewa shekararsa biyu yana ɗaukar hoton bukukuwa da Canon 700D da lens ɗin da ya zo da ita, 18-55. Aiki yana samuwa jefi-jefi, amma kuɗin ba ya taruwa, kuma yana ganin sa'o'insa ana kiransu har Abuja. Yanzu ya haɗa 'yan kuɗi, yana so ya san ko babbar kyamara zai saya, ko shago zai kama ya buɗe sutudiyo, da kuma yadda ake tashi daga mai hoton unguwa a zama wanda ake nema da suna.

Ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. A cikin biyun nan babu wanda zan ce ka fara da shi. Shago haya yake ci ko an shigo ko ba a shigo ba. Babbar kyamara kuwa hoton da kake ɗauka yanzu shi za ta ɗauka maka, sai dai ya fi cin wuri a kati. Wanda ake biya da tsada a wannan sana'a shi ne wanda mai biki ya san abin da zai samu tun kafin ya biya: hoton rana tsaka a ƙofar masallaci ya fito, na dare a wajen dina ya fito, babu wanda ya ɓace, kuma an kawo a ranar da aka yi alƙawari. Kuɗin da ka tara, a kan wannan za ka kashe su.

Fara da lens. Naka na 18-55 idan ka jawo shi zuwa 55 ba ya buɗewa ya wuce f/5.6 (lambar f tana nuna faɗin ƙofar shigar haske: ƙaramar lamba, babbar ƙofa). Ɗan ƙaramin 50mm f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a kasuwa, yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan. Rashin wannan hasken ne yake sa hoton ɗakin amarya ya fito maka yashi-yashi ko da rawa a ciki. Amma ka san kyamararka mai ƙaramin sensa ce, wato farantin da hoto ke sauka a kai a cikinta, 50 a kanta kamar 80 ne a kan babba, don haka a ɗaki mai ƙunci sai bayanka ya daki bango ba ka haɗa mutum uku ba. A irin wurin nan 17-50 f/2.8 na Sigma ko Tamron ya fi aiki, sai dai shi na ƙaramin sensa ne, ka saye shi na hannu don ka iya sayarwa ranar da ka canja kyamara. Sannan a f/1.8, idan kana mita biyu daga mutum, wurin da yake fitowa tangaran bai wuce kamar santimita 11 ba. Amarya ita kaɗai, sa fokas a idon da ya fi kusa da kai. Ita da ango, f/2.8 zuwa f/4. Dangi layi biyu ko uku, f/5.6 zuwa f/8, in ba haka ba yaran da ke gaba su fito, iyayen da ke baya su narke. Masu sabon lens ne suka fi faɗawa wannan, saboda ɗokin ɓatar da bango, wato sa abin da ke bayan mutum ya dusashe.

Bayan lens sai filasha, kuma a ganina nan ne mai hoto yake rabuwa da mai riƙe kyamara. Filasha ɗaya irin Godox TT685 ko V860, da na'urar kunna ta daga nesa, da sanda, da farar lema, duka ba su kai kuɗin babbar kyamara ba, amma su ne za su canja kamannin aikinka cikin wata guda. Filashar da ke kan kyamara idan ta daki fuska kai tsaye tana fito da maiƙon goshi, ta bar baƙar inuwa a bango, ta kuma sa hodar amarya ta yi fari fat ta rabu da wuya. In rufin ɗakin fari ne kuma bai yi tsawo ba, juya kan filashar sama da ɗan baya, hasken ya sauko da taushi. In rufin mai launi ne ko an lulluɓe shi da yadin ado, kada ka yi, launin zai sauka a fatar mutane. Fitar da filashar ka ɗora a sanda, gefe da kai kamar kwana 45, sama da kan mutum kaɗan, lema kusa da shi. Matsar da lema kusa ke sa haske ya yi laushi, ba ƙara ƙarfi ba.

Ɗaurin aure ya fi kowane sashe wahala, domin yawanci tsakanin hantsi da azahar ake yi, ko bayan sallar Juma'a, rana na tsakiyar ka, maza cikin farar shadda mai ƙyalli. In ka bi farin kaya fuska ta yi duhu, in ka bi fuska aikin wuyan babbar riga ya ƙone ya zama farin fili, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa a kwamfuta. Kunna alamar da ke walƙiya a allon kyamara a inda haske ya wuce kima, ka rage har ɗinkin rigar ya fito, sannan ka cike fuska da filasha. Kyamararka ba ta daidaita da filasha in saurin ɗauka ya wuce 1/200 na daƙiƙa, saboda haka a tsakar rana za ka tsinci kanka wajen ISO 100 (ma'aunin yadda sensa ke jin haske), 1/200, f/11. In kana son bango ya ɓace a wannan ranar, sai ka sa baƙin gilashin rage haske a bakin lens, ko ka kunna HSS, tsarin da ke barin filasha ta yi aiki a saurin da ya wuce 1/200, wanda yake cinye ƙarfin filasha sosai har sai ka matso kusa. Mafi sauƙi duka: da an shafa fatiha ka ja ango da abokansa zuwa bakin rumfa ko inuwar gini, fuskarsu ta kalli fili. Kada ka kai su ƙarƙashin darbejiya, rana tana ratsa ganye ta yi musu dabbare-dabbare a fuska.

Wajen dina matsalar daban ce: fitilu masu shuɗi da jaja-jaja, hayaƙi, da allon haske a bayan ma'aurata. Fara daga ISO 800 zuwa 1600, f/2.8 zuwa f/4, 1/125, filasha ta riƙe launin fata, fitilun zauren su zama ado a baya. In ka ga layi-layi a hoto ko launi yana canjawa daga ɗauka zuwa ɗauka, wutar ce: wutar Najeriya da Nijar 50Hz ce, fitilu da yawa suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa, sai ka koma 1/100 ko 1/50. In janareta ne yake ja, ba lalle ya tsaya daidai a 50 ba, gwada ka duba allo kafin amarya ta shigo. Kuma ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta matse ba kamar JPEG. Hoton JPEG da shuɗin fitila ya ɓata ba ya gyaruwa yadda ya kamata.

Wajen gyara, za a ce maka “a ƙara mini haske”. Ƙara hasken hoto daban, sauya wa mutum launin fata daban. In ka wanke fuska ta yi fari, hannun da aka yi wa lalle ya tona asiri, kuma in ka goge fata har ta zama kamar roba, hoton yana burge mutane mako guda, bayan shekara biyu ya zama abin dariya. Cire ƙurji da abin da zai tafi da kansa, ka bar tawadar Allah da zanen gado sai in mai shi ya roƙa. Kafin ka taɓa gyara ka tace: daga hoto dubu ɗaya da ɗari biyar, abin da ya cancanci bayarwa ba zai wuce ɗari uku ko huɗu ba, kuma mai rufaffen ido da mai loma a baki ba sa ciki. Gyara ɗaya a manhajar Lightroom ka shafa wa duk waɗanda aka ɗauka a haske ɗaya, Photoshop na 'yan ƙalilan ne da za su shiga firam. In hoto yana fitowa da duhu a wajen wankewa, yawanci allon kwamfutarka ne ya cika haske. Rage shi, ka wanke gwaji biyu ko uku a inda kake kai aiki, ka ajiye su kusa da allo. Fitar da hoto a tsarin launi na sRGB. Na inci 8x10 yana son 2400 da 3000 na ɗigon hoto. In ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar ta matse shi, a kai wajen wankewa ya fashe, a ce aikinka ne.

Yanzu abin da yake kashe suna dare ɗaya: ɓatan hoto. Biki ba a maimaita shi. Kyamara mai megafiksel 24 tana fitar da RAW na kusan MB 25 zuwa 30 kowane ɗaya, wato hoto dubu ya kai GB 30. Ka riƙe kati huɗu na GB 32 ko 64 maimakon ƙato ɗaya, domin in ɗaya ya mutu bai tafi da bikin duka ba. Katin jabu ya cika kasuwa, a rubuta 128 a jiki alhali cikinsa bai kai ba, yana ta karɓar hoto yana shafe na baya ba ka sani ba. Akwai ƙaramar manhaja H2testw da ke cika kati ta karanta shi ta faɗa maka gaskiyarsa, ka gwada kowane sabo. Daren da ka dawo, ko ƙarfe nawa ne, kwafe a kwamfuta, ka sake kwafewa a faifan ajiya na waje, kuma kada ka share kati sai kwafi biyu sun tabbata kana buɗe su. Na uku, ko da zaɓaɓɓun ne kawai, ɗora a intanet ko ka ajiye a wani gida. Kwamfuta da faifai a jaka ɗaya kwafi ɗaya ne a wurin ɓarawo.

Wannan ne ma dalilin da zai sa ka sayi kyamara ta biyu in lokaci ya yi: don kada ka tsaya a tsakiyar kamu in ɗaya ta ƙi, kuma don ka samu mai ramin kati biyu da ke rubutawa a duka lokaci guda. Canon 5D Mark III ta 2012, Nikon D750 ta 2014 da Sony A7 III ta 2018 duk suna da rami biyu, kuma har yau suna cin abinci. Canon 6D rami ɗaya gare ta. Tunda kana kan Canon, zama a kai ya fi maka araha. In ta hannu ce, duba adadin ɗaukar da ta yi. 5D Mark III an yi mata lissafin kusan 150,000, wadda ta haura 120,000 sai da ragi mai kyau. Ɗauki farin bango a f/16 ka ga ƙura ko karce a sensa, haska cikin lens da fitilar waya ka nemi zaren fumfuna, leƙa ramin babban katin ka ga ko wani tsinke ya lanƙwashe, ɗora filasha ka gwada. Duk kayan da ka saya, ka yi mako kana wasa da shi a gida kafin ka kai shi aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da hunturu kada ka canja lens a fili, shiga mota ko ɗaki, bakin kyamara ya kalli ƙasa. Da damina ajiye lens a mazubi mai murfi da 'yan ƙullin nan masu shan laima. Da bazara kada ka bar jaka a rufaffiyar mota.

Kuɗin da ba ya taruwa kuwa, na fi zargin farashi. Yawancin masu tasowa abin da na kusa yake karɓa suke tambaya, su rage kaɗan. Zauna da biro. A ce kayan aikinka duka sun kai naira miliyan ɗaya da rabi, kana so ka iya sabunta su cikin shekara uku, kana yin aiki 40 a shekara. Aiki 120 ke nan, kowane ɗaya dole ya ajiye naira 12,500 tun ba a yi maganar komai ba. Ɗora kuɗin mota, da mataimaki, da data, da man janareta, da albam da firam in suna ciki. Sannan lokacinka: awa takwas a wajen biki tana jawo awa goma ko fiye a gaban kwamfuta, kuma ita ma aiki ce. Abin da ya fito shi ne ƙasan farashinka, riba tana samansa. Ka tuna kuma shekara ba ɗaya take ba: ana rububin aure kafin azumi, da bayan sallah, da ƙarshen shekara, watan azumi kuwa sai a hankali. Kuɗin Sha'aban ne za su ci da kai a Ramadan.

Ka daina cewa “ko nawa ne a bayar”. Tsara kashi uku a rubuce: ɗaurin aure kaɗai, ɗaurin aure da kamu da dina, sai cikakke mai albam da ɗan gajeren bidiyo. Kowane ka faɗi awa nawa, hoto nawa gyararre, mutum nawa za su zo, yaushe za a karɓa. Kafin alƙalami rabi ko fiye, shi ne yake kama rana; ciko kafin a miƙa albam. Ko a WhatsApp ne a rubuta, a amsa da “na yarda”. In ka karɓi kafin alƙalami, ka ci ladan kuturu, sai aski: kada ka karɓi biki biyu rana ɗaya ka tura yaro ɗaya wurin ba tare da mai bikin ya sani tun farko ba. Tura hoto ashirin ko talatin cikin kwana biyu, lokacin da ɗokin yake da zafi kuma ƙawaye ke tambayar wa ya ɗauka. Sauran cikin mako biyu zuwa uku. In ka ce uku ka kawo a biyu, ka yi talla kyauta.

A cikin rubutacciyar yarjejeniyar nan da mai biki ka sa maganar ɗora hoto a Instagram. A ƙasar Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne, akwai gidajen da ba sa son fuskar amaryarsu a waje, kuma doka tana bayansu: dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, duk da ta bar haƙƙin hoto ga wanda ya ɗauka, ta ba wanda ya sa aka ɗauka don amfanin gida ikon hana yaɗa shi, sai in an yi wata yarjejeniya. Tambaya kafin ka ɗora. In an ce a'a, ɗora hannun lalle, da adon wuri, da kayan lefe in an yarda. Mai hoton da aka san yana rufa asiri, manyan gidaje da kansu suke miƙa lambarsa. A nan ne kuma za ka ga amfanin haɗa gwiwa da mace mai ɗaukar hoto, domin sa lalle, da kamu, da walimar mata, da ɗakin da amarya ke shiri, akwai inda namiji ba ya shiga ko kaɗan, in ma ya shiga mata ba sa sakewa.

Game da ci gaba na dogon zango, zaɓi layi ɗaya da za a san ka da shi, sauran su zama ƙari. Biki yana kawo kuɗi da sauri amma yana cin ƙarshen mako da ƙafa. Hoton kayan sayarwa, irin su atamfa, turaren wuta, takalma da abinci na masu kasuwanci a intanet, kuɗinsa kaɗan-kaɗan ne amma kowane wata yake dawowa, kuma teburi da taga da farin kwali sun isa farawa. Abin lura shi ne launi, in atamfa ta fito daban da yadda take a hannu, mai kaya ce za ta sha zagi. Aikin ƙungiyoyin agaji da kamfanoni ya fi tsoka, amma ba sa biyan mutum a hannu: sai rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da lambar haraji, da asusun banki na kasuwanci, da takardar neman biya, kuma kuɗin yakan ɗauki makonni. Suna son kowane hoto da bayaninsa, wane ne, ina ne, yaushe, me ake yi, da shaidar cewa wanda aka ɗauka ya yarda, musamman yara. Zama mai hoton ɗan siyasa yana buɗe ƙofofi, sai dai yana tafiya da kujerar maigidan. Ko wane layi ka bi, koyi gajeren bidiyo, hoto 25 a daƙiƙa da 1/50, don yanzu da wuya a nemi hoto ba a tambayi bidiyo ba. Jirgi marar matuƙi kuwa yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, kada ka saya ka tayar a ko'ina.

Hanya mafi sauri ta koyo har yanzu ita ce bin wanda ya fi ka. Nemi ƙwararre ka riƙe masa fitila, ka zama na biyu a biki goma, ko kuɗin mota kawai yake ba ka. Abin da za ka gani a nan ba ya cikin bidiyon koyarwa: yadda ake tsayar da gwaggo da inna a layi ba a ɓata wa kowa rai ba, yadda ake sanin lokacin da uwar amarya za ta fashe da kuka, yadda ake amsa wa mai cewa an yi tsada. Kuma kada ka ba baƙinsa lambarka a wurin aikinsa. Abin da za ka nuna wa mai neman aiki kada ya wuce hoto ashirin zuwa talatin, da biki ɗaya cikakke daga farko har ƙarshe, domin hoto ɗaya mai kyau kowa yana iya dacewa da shi.

Sai ka riƙe wani aiki naka na kanka da ba wanda ya sa ka. J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968, ya tara kusan dubu, kuma da su duniya ta san shi. Fati Abubakar ta fito ne da hotunan rayuwar yau da kullum a Maiduguri, a lokacin da ba a nuna komai daga Borno sai tashin bam. Kai a Zariya kake, ga hawan sallah, ga tsofaffin gine-gine masu zane a cikin ganuwa, ga maɗinka babbar riga. Kano ba nisa, hawanta ma UNESCO ta sa shi a jerin al'adun duniya a 2024. Dawaki a guje suna son 1/1000 ko fiye da dogon lens irin 70-200, wanda za ka iya haya na kwana biyu. Amma hawan kowa yana ɗauka; masu yi wa doki kwalliya da asuba, da masu ɗinka lifidi, su ne ba a cika waiwaya ba. Irin wannan tarin ne ake turawa bikin baje hotuna na LagosPhoto, da aka fara a 2010, ko taron masu hoto na Bamako da ake yi tun 1994.

Sutudiyo kuwa, bari aikin ya nema da kansa. Yanzu in an nemi hoton kafin biki ko na zagayowar haihuwa, kama sutudiyon wani na awa ɗaya ko biyu ka sa a farashi, kana rubuta abin da kake kashewa. Ranar da ka ga wata shida a jere kuɗin hayar awa ya haura abin da za ka biya na shago da wuta, kuma kana da hayar shekara a ajiye ba ka taɓa jarin kaya ba, to ka nemi wuri. Ka auna shi da tef kafin ka biya: faɗi kamar mita huɗu, tsawo shida, rufi kusan mita uku, domin mutum yana buƙatar mita ɗaya da rabi zuwa biyu tsakaninsa da yadin baya kada inuwarsa ta faɗa kai, kai ma kana buƙatar ja da baya ka ɗauki tsayuwa. Bango fari ko ruwan toka, fitilu masu batir saboda ɗauke wuta, da ɗan ɗakin canja kaya mai ƙofa da madubi, in kana son mata su dawo.